Keke mai inji: wasan Amurkawa, buƙatar Arawa

A wannan mako za mu sauka daga maganar siyasa mu hau keke, amma keken da ba a tuƙa shi da ƙarfin ƙwauri.

A ƙasar Amurka akwai mutanen da abin sha'awarsu shi ne su sayi keke mai faffaɗar taya, mai faɗin sirdi da dogon ƙaho, su ɗaura masa ƙaramin inji, su shafe shi da fenti, su fita yawo ranar Lahadi. Abin ya daɗe. Kamfanin Schwinn na birnin Shikago ya fito da irin wannan keke a 1933, kuma a 1939 aka fara sayar da injin Whizzer da ake ɗaura wa keke. Kada wani ya yi dariya: a 1946, bayan yaƙi ya talauta Japan, Soichiro Honda da wannan sana'a ya soma, yana ɗaura wa kekuna ƙananan injunan da sojoji suka bari. Kowa ya san inda sunan Honda ya kai.

Mu ma ba baƙi ba ne ga abin. Dattawan ma'aikata suna tune da Solex, wanda aka ƙera a Faransa daga 1946 zuwa 1988, da Mobylette ta kamfanin Motobécane da ta fito a 1949. Malamin lakkol ko akawun da ya samu ɗaya a wancan zamani, sai ka ce ya hau dokin sarki. Solex kuwa keke ne kawai da inji bisa tayar gaba, wani ɗan gurzau yana murza tayar tana juyawa. A kan kwalta lafiya lau. Da an shiga rairayi ko laka sai gurzau ya riƙa sulɓewa, ya cinye taya, mai abin ya koma tuƙi da ƙafa yana zufa kamar kowa. Bayan karyewar darajar sefa a 1994 kayan Faransa suka gagari aljihu, daga baya baburan Sin da na Indiya suka mamaye kasuwa, har yaran yau ba su san Solex ba ko a hoto.

To me ya sa muke tono maganar? Saboda tsakanin keke da babur akwai rami, kuma talakan Arewa a cikinsa yake. Hanyar kwalta mai lamba 1 ta ratsa Kore Mairuwa da Dogon Dutsi ta wuce Birnin Ƙonni, amma wanda zai shiga ƙauyukan Matankari da Ɗan Kasari, ko na Gecheme da Dumega a gundumar Tibiri, da jar ƙasa da rairayin Dallol Mawri zai yi fama. Ɗan makarantar da ke zuwa kwaleji daga ƙauye, da mai lambun da ke kai dankali kasuwa, da mai tallan magani, keke ya yi musu kaɗan, babur ya fi ƙarfinsu. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a 2023, man bakin iyaka da muka saba sha da arha shi ma ya daina raha.

Injin da masu wannan sha'awa suka fi amfani da shi yanzu na ƙasar Sin ne, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Yana zuwa cikin kwali ɗaya da tanki, da salansa, da sarƙa, da buji, da wayar totur. Ana ɗaure shi tsakiyar ƙarfen keke, sarƙarsa ta bi ta hagu zuwa ƙafar baya, sarƙar feda tana nan ta dama; in mai ya ƙare sai a koma ga ƙafa. Iri biyu ne: mai santimita kubik 49, da wanda ake rubuta wa 80 alhali gaskiyarsa 66. Ƴan kasuwa su lura da wannan ƙarya tun daga kan kwali. Duk mai gyaran babur na bakin tasha zai iya haɗa shi cikin yini ɗaya.

Haɗawa ba ita ce wahala ba. Wahalar tana ga keken. Kekenmu na gargajiya, irin Phoenix da Raleigh, ƙarfensa na da ƙwari, yana ɗaukar buhu ba ya kuka, amma birkinsa na sanda an yi shi ne don gudun ƙafa. Injin nan yana kai mutum kilomita 40 a awa. Birkin da aka yi domin 15, ina zai tsayar da 40, ga buhun dankali a baya, ga akuya ta faɗo hanya? Sa'an nan girgizar inji tana kwance noti, tana tsaga ƙarfe wurin walda. Ɗan abin da ke ɗame sarƙa kuwa, in ya goce ya shiga wayoyin ƙafar baya, ƙafar za ta tsaya cak, mahayi ya wuce gaba shi kaɗai. Masu hankali cikin masu wannan sana'a sukan fara da birki biyu nagari da wayoyin ƙafa masu kauri, fenti da madubi da tunkun ado su zo daga baya. Mun san halinmu: nan gida da ado za a fara.

Abin da ya kamata mu ɗauka daga keken Amurkawa tayarsa ce. Sun yi ta da faɗi domin jin daɗin yawo, mu kuwa rairayi muka gada. Siririyar taya nutsewa take yi, faffaɗa tana bi ta sama. Kuma ƙurar hunturu tana kashe ƙaramin inji da wuri in ba a wanke matatar iskarsa kullum ba.

Saura maganar hukuma. A Faransa abin da bai wuce santimita kubik 50 da gudun kilomita 45 a awa ba yana da nasa aji da nasa sharuɗɗa. Kafin ɗan kasuwa na farko ya shigo da kwalaye ɗari, ya dace ma'aikatar sufuri da ta duwan su faɗa a fili: keken da aka ɗaura wa inji a garejin unguwa, keke ne ko babur? Wace takarda zai riƙe, wa zai duba birkinsa? In an bar abin ga ra'ayin jandarman da ke bakin hanya, to kuɗin da talaka ya tsira da shi wajen saye a shingen farko zai biya shi.