Sharhi: Abin da Bakolori zai koya daga jirgin da ya shekara a cikin ƙanƙara

A ranar 20 ga Satumban 2019 wani jirgin ruwan bincike na ƙasar Jamus mai suna Polarstern ya tashi daga tashar Tromso da ke Norway, ya nufi Tekun Aktik, can ƙuryar arewacin duniya. Da ya kai inda ruwan teku ya daskare, sai aka ɗaure shi a jikin wani makeken falon ƙanƙara, aka bar ƙanƙarar ta yi ta tafiya da shi duk inda iska da igiyar ruwa suka kora ta. Sai ranar 12 ga Oktoban 2020 ya koma gida Bremerhaven, bayan kwana 389.

Ɗaruruwan masana daga ƙasashe 20 ne suka riƙa karɓa-karɓa a wannan aiki da aka kira MOSAiC, ƙarƙashin jagorancin Markus Rex na Cibiyar Alfred Wegener. Sun shafe watanni ba su ga rana ba. Duk wanda zai sauka kan ƙanƙara sai da mai gadi ɗauke da bindiga saboda fararen namun dajin yankin. Aikin nasu kuwa ɗaya ne kullum: auna kaurin ƙanƙara, auna sanyin iska da ɗumin ruwan da ke ƙasa, a rubuta, gobe a sake.

Manomin shinkafa a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun yana da damar tambayar ina ruwansa da wannan wahala. Ruwansa ne kuwa, ta hanyoyi biyu. Ta farko, daminar da ke cika madatsar Bakolori tana da alaƙa da yanayin tekunan duniya. Ta biyu, wadda ta fi kusa, ita ce ɗabi'ar awo da ajiye alƙaluma, wadda yankin ke matuƙar buƙata.

Abin da awon ya nuna

Wannan salon bincike ya daɗe. Daga 1893 zuwa 1896 Fridtjof Nansen ɗan ƙasar Norway ya sa aka bar jirginsa na katako mai suna Fram ya maƙale a ƙanƙara da gangan, kuma tafiyar ce ta tabbatar da cewa ƙuryar arewa teku ce mai zurfi wadda ƙanƙararta ke tafiya. Amma cikakken lissafi ya fara ne a 1979, lokacin da taurarin ɗan adam suka soma auna faɗin ƙanƙarar ba tare da yankewa ba.

A kowace shekara ƙanƙarar Aktik tana bazuwa a lokacin sanyi, sannan ta tsuke zuwa watan Satumba. Tun daga 1979, abin da ke saura a Satumba yana raguwa da kimanin kashi 12 cikin 100 a duk shekara goma. Mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani shi ne na 2012, murabba'in kilomita miliyan 3.4. A kudancin duniya ma, ƙanƙarar da ke kewaye da Antatika ta sauka zuwa murabba'in kilomita miliyan 1.79 a Fabrairun 2023, abin da ba a taɓa gani ba tun fara awon.

Duk wanda ya taɓa tsayuwa a ranar watan Afrilu da baƙar riga ya san dalilin damuwar. Farar ƙanƙara tana mayar da yawancin hasken rana sama, kamar farar riga. Ruwan teku mai duhu kuwa yana shanye kusan kashi 90 cikin 100 na hasken. Idan ƙanƙara ta narke, ruwa ya ƙara ɗumi, ɗumin kuma ya ƙara narkar da wata ƙanƙarar. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa wani bincike na 2022 ya gano cewa Aktik na ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun 1979.

Akwai bambanci da ya kamata a kiyaye. Ƙanƙarar da ke yawo a kan teku ba ta ƙara tsawon ruwa sosai in ta narke, kamar dai ƙanƙarar da ke cikin kofin zoɓo. Wadda ke kwance a kan tudu, irin ta tsibirin Girinlan, ita ce ke kwarara cikin teku a matsayin ƙarin ruwa mara gishiri.

Hanyar da ta haɗa teku da damina

Ruwan saman da ke sauka a Zamfara iska ce ke ɗauko danshinsa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Yadda wannan iska za ta kutsa arewa ya dogara ƙwarai da bambancin ɗumi tsakanin arewacin tekun da kudancinsa. Tun a 1986 masana a Ingila suka nuna cewa farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980 ya zo daidai da lokacin da tekunan arewa suka yi sanyi idan aka kwatanta da na kudu. Dattawan Mafara da Bakura ba sa buƙatar a tuna musu abin da 1973 da 1984 suka yi wa rumbu da garke.

A cikin Atlantika akwai wata babbar igiya da ke kai ruwan ɗumi arewa. Can kusa da Girinlan ruwan yakan yi sanyi, gishirinsa ya sa shi nauyi, ya nutse ya komo kudu ta ƙarƙashi. Ruwan ƙanƙara mara gishiri yana iya rage wannan nutso, igiyar ta yi rauni, arewacin tekun ya yi sanyi, layin damina ya ja da baya zuwa kudu. Wani bincike da masana a Faransa suka wallafa a 2017 ya yi lissafin cewa saurin narkewar ƙanƙarar Girinlan zai iya rage ruwan sama a Sahel har ya tsuke filin noman gero da dawa.

Wannan hasashe ne na dogon zango, kuma babu mai hankalin da zai ɗora wa ƙanƙarar Aktik laifin makarar ruwan bana a Maradun. Abin da aka riga aka gani da ido shi ne sauyin halin damina. Ruwa ya komo tun shekarun 1990, amma wani bincike na 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Ga madatsar ruwa, wannan na nufin ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci, tare da yashi da laka masu yawa.

Tarihin Bakolori ya isa gargaɗi

An kammala madatsar Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta, da ƙarfin riƙe ruwa kimanin mita miliyan 450 na cikin ma'aunin kubik, domin noman rani a fili mai faɗin hekta kusan 23,000. An zana aikin ne ba tare da an yi cikakken lissafin mutanen da zai shafa ba. Waɗanda ruwa ya cinye gidajensu da gonakinsu sun yi ta kukan diyya, har rikicin ya kai ga harbe manoma a watan Afrilun 1980. Manoman fadamar da ke ƙasan madatsar kuma sun rasa ambaliyar shekara-shekara da suka dogara da ita wajen noman shinkafa da kamun kifi.

Shekaru fiye da 45 ke nan madatsar na tare ruwan da ke zuwa da laka. Kowace madatsa tana rasa wani ɓangare na cikinta ta wannan hanya, kuma awo kaɗai ke nuna nawa ne ya rage. Aikin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya sa Bakolori cikin wuraren da aka gyara magudanan ruwansu, kuma abin a yaba ne. Sai dai gyaran magudana yana da ranar gamawa, awo kuwa aikin kullum ne.

Maƙwabta sun riga sun ɗanɗana. A Satumban 2010 ruwa ya ɓalle daga madatsar Goronyo ya mamaye garuruwa da gonaki a Sakkwato da Kebbi. A Satumban 2024 madatsar Alau ta fashe, ruwa ya shiga tsakiyar Maiduguri. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya kamata a yi

Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda Bakolori ke hannunta, ya kamata ta riƙa sanar da tsawon ruwan madatsar a kai a kai da harshen Hausa, ta rediyo da kuma WhatsApp, musamman daga Yuli zuwa Satumba. Mutanen da ke zaune ƙasan madatsa suna da haƙƙin sanin ranar da za a buɗe ƙofofi tun kafin ruwa ya iso musu. Haka kuma ya dace a riƙa auna zurfin tafkin lokaci-lokaci, a bayyana sakamakon, domin manomi ya san yawan ruwan da ake raba masa a rani.

Gwamnatin Zamfara kuma tana da abin aiki a hannu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara duk suna Talata Mafara, kwalejin aikin gona kuma tana Bakura. Ma'aunin ruwan sama ba kayan tsada ba ne. Idan aka kafa shi a makarantun sakandare na ƙananan hukumomin uku, aka ɗora wa malami da ɗalibai rubuta awon kowace safiya, waɗannan manyan makarantu za su iya tattarawa su adana. Cikin shekara goma yankin zai mallaki tarihin ruwan samansa na kansa, wanda zai nuna ko da gaske shuka na makara, da kuma irin da ya fi dacewa.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya. Ingancin irin wannan hasashe yana ƙaruwa ne da yawan awon da ake samu daga ƙasa, amfaninsa kuma sai ya kai kunnen manomi kafin ya zuba iri. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwan Bakolori, da hakimai da limamai, su ne hanyar da ta fi sauri.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da tsaro. Ma'aikacin da ke tsoron 'yan bindiga a hanyar Maradun ba zai je ya karanta ma'aunin kogi ba, kuma ranar da ba a auna ba ta tafi ke nan, ba a sake samunta. Don haka kare madatsar da magudananta da masu aiki a kansu ya kamata ya shiga lissafin jami'an tsaro kamar yadda kare kasuwa da hanya ya shiga.

Ita ma gwamnatin tarayya tana da rawar takawa. Afirka ta Kudu tana cikin ƙasashe 12 da suka fara sa hannu a Yarjejeniyar Antatika a 1959, kuma jirginta mai suna S.A. Agulhas II ne ya ɗauki ayarin da ya gano jirgin Endurance a Maris na 2022, a zurfin mita 3,008, bayan ya nutse tun 1915. Neman gurbi ga matasan masana na Najeriya a irin waɗannan tafiye-tafiye, da kuma a cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, abu ne mai yiwuwa in an sa kai.

Kasafin kuɗin jihar da na hukumar kogunan su ne za su nuna ko an ɗauki maganar da muhimmanci. Wakilan Talata Mafara, Bakura da Maradun a majalisar jiha da ta tarayya su nemi a ware kuɗin ma'aunai, da albashin masu karanta su, da ranar da za a fara bayyana tsawon ruwan Bakolori ga jama'a, tun kafin damina mai zuwa ta kankama.