Ra'ayinmu: Dankali uku a kasuwa, wanne ya kamata a kai wa yara?

Da zarar sanyi ya kama, kwambitar ɗin Bonkuku da na lambunan Ayar sai ya cika kasuwannin Yamai, Tawa da Maradi. Magidanta da dama na kallonsa a matsayin abincin masu hali, kudaku kuwa a bar wa talaka da 'yan makaranta. Wannan rabon kuɗi ne ya yi shi, ba amfanin jiki ba.

Dankalin turawa yana da furotin kusan giram 2 cikin giram 100, kudaku bai kai haka ba, rogo ya fi su ƙaranci. Sai dai ɗan abin da kwambitar ke da shi mai kyau ne: yana ɗauke da lisin, sinadarin da hatsi da dawa suka gaza a kansa, ga kuma bitamin C idan ba a ƙone shi a mai ba. Amma kusan kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne. Cikin yaro ɗan shekara biyu zai cika tun bai samu abin da zai gina shi ba. Busasshen wake, wanda muke lodawa a mota zuwa Najeriya, yana da furotin sama da giram 20 cikin 100.

A ƙasar da sama da kashi 40 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ke fama da tsumburewa, wannan ba zancen masana ba ne kawai. Uwar da ta sayi tsadadden dankali ta soya wa yaro zalla, gara ta dafa rabinsa da wake ko ta barbaɗa ƙuli-ƙuli.

Na ukun shi ne wanda aka fi mantawa: kudaku mai jan ciki, kalar karas. Yana cike da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa yaro gaban ƙyanda da zawo. Farin da muka saba ci kusan ba shi da shi. Ganyensa ma ana miya da shi, amma mu awaki muke ba wa.

Muna kira ga ma'aikatar noma da cibiyar INRAN da su wadata masu noman rani da irin jan kudaku, daga Gaya har Damagaram. Ma'aikatan likita kuma su riƙa nuna wa mata shi a ranar awon yara, a dafa a gabansu su ɗanɗana.