In Za a Faɗaɗa Gasar Manyan Makarantu, a Fara Duba Hanyar Mota

'Yan uwa mazauna Sabon Ibadan, Agege, Shagamu da duk inda neman halali ya kai mu. Yau maganar ƙwallo zan yi, amma ba ta Arsenal da Chelsea da muke kwana musu a kanta a gidan kallo ba. Ƙwallon ɗaliban manyan makarantu nake nufi, da tambayar da kan taso duk lokacin da aka ce za a ƙara yawan masu shiga gasa, wato wa za a ɗauka, wa za a bari a waje? Kusan kowannenmu yana da ƙane ko ɗan 'yar uwa da yake aika wa kuɗin makaranta a Azare ko Gadau ko Potiskum, don haka maganar ta shafe mu.

Bari in fara da Amurka, domin can ne wannan lamari ya fi zafi. Jami'o'insu a rukuni-rukuni suke buga wasanni, kuma asali maƙwabta ne ke haɗuwa su kafa rukuni. To amma da kuɗin talabijin ya shigo sai taswira ta rikice. A 2022 rukunin Big Ten ya ƙulla cinikin nuna wasanninsa da gidajen Fox da CBS da NBC a kan kimanin dala biliyan 7 cikin shekara bakwai. A 2024 ya janyo jami'o'i huɗu daga gaɓar yamma, USC da UCLA da Oregon da Washinton, ya zama yana da 18, alhali sunansa har gobe goma yake nufi. A wannan shekarar dai rukunin Pac-12, wanda tushensa ya faro tun 1915, ya wayi gari goma cikin jami'o'insa 12 sun watse, aka bar biyu kacal suna neman waɗanda za su cike gurbi. Yanzu ɗalibar da ke buga ƙwallon raga a Los Anjelis za ta iya tashi a jirgi tafiyar kusan kilomita 4,000 don ta buga wasa ɗaya da Rutgers, ta dawo ta tarar da darasi ya wuce ta.

Su dai suna da kuɗin jirgin. Mu fa?

Mu a nan gida, tun 1966 aka fara wasannin NUGA na jami'o'i, kuma a nan Ibadan aka yi na farko. Kwalejojin fasaha suna da nasu, NIPOGA, kwalejojin ilimi kuma NICEGA. Duka ukun irin bikin nan ne da ake taruwa a makaranta ɗaya na 'yan kwanaki a watse, sai kuma wani lokaci. A 2018 wani kamfani na Legas ya haɗa kai da NUGA aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta HiFL da jami'o'i 16. Jami'ar Noma ta Makurdi ce ta ɗauki kofin farko, Kalaba ta ɗauka a 2019, sannan Jami'ar Maiduguri ta ɗauka a 2021, abin da ya faranta wa da yawanmu rai. Daga baya an buɗe wa ƙarin jami'o'i ƙofa ta hanyar wasannin share fage, kuma wannan abin yabo ne.

Sai dai a nawa ra'ayi, ƙara sunaye a gasar ƙasa baki ɗaya ba shi ne zai kai ƙwallo ga yaran ƙasar Katagum ba. Duk wanda ya taɓa bin motar kaya daga Arewa zuwa Kudu ya san abin da hanya ke ci. Daga Maiduguri zuwa Legas ya haura kilomita 1,500. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. Ƙara da masauki da abincin mutum 25 na kwana uku. Wace ƙaramar makaranta ce za ta jure wannan sau biyar ko shida a shekara? Za ta shiga da ɗoki, ta buga wasa biyu a fitar da ita, shi ke nan an rataye takalma sai baɗi.

Abin da nake gani ya fi shi ne a kafa ƙaramin rukuni na maƙwabta, Azare ta zama cibiya, kuma sharaɗin shiga ya zama guda ɗaya: motar makaranta ta iya tashi bayan asuba, a buga wasa, ta dawo gida kafin isha'i.

In aka bi wannan ma'auni, waɗanda za su fara shiga a bayyane suke. Akwai jami'ar jiha da ke Gadau, wadda aka kafa a 2011, yanzu ake kiranta Jami'ar Sa'adu Zungur. Akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a cikin Azare, wadda ta girme su duka a yankin, kusan babu gidan da ba ta yaye wa malami ba. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Jama'are, da Kwalejin A.D. Rufa'i ta Misau. Daga nan sai a tsallaka iyaka: Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum a Yobe, Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa a Jigawa. Bakwai ke nan. Gurbi na takwas ne nake ganin za a yi musu a kansa, tsakanin Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021 da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja. Ni Haɗeja zan zaɓa. Masu karatun likita littafi ya riƙe musu wuya, a fara sa su a guje-guje da ƙwallon raga tukuna. Sannan duk wanda ya san yadda mutanen Haɗeja da na Katagum ke zolayar juna ya san ranar wannan wasa ba sai an yi shela ba.

Makarantu takwas, gida da waje, kowace za ta buga wasa 14. Yaro ya buga wasa 14 a gaban jama'a, ai ko mai neman 'yan wasa na Wikki Tourists ko Kano Pillars ya san inda zai je ya zauna ranar Asabar.

Na san wani zai ce, ina ATBU, ina BUK? A bar su tukuna. Bauchi jiharmu ce, amma daga Azare ka isa Dutse ko Potiskum ka sha ruwa, mai zuwa Bauchi yana hanya. BUK kuwa girman suna ne zai ja mu, kuma girman suna shi ne ya rusa Pac-12. In babba ya shigo, nan da nan za a fara cewa a kai wasan ƙarshe Kano saboda 'yan kallo da masu talla, daga nan Misau da Jama'are sun zama 'yan rakiya. Gara zakaran rukuninmu ya je ya same su a matakin gaba.

Wani kuma zai ce ba a haɗa jami'a da kwaleji, kowa da ƙungiyarsa. To ƙwallo ba ta tambayar digiri ko NCE. Bugu da ƙari, kwalejojin ilimi su ne ke horar da malaman motsa jiki, ka ga ba su rasa masu horarwa da alƙalan wasa ba. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. A 2022 ASUU ta yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, duk abin da ya dogara da jami'o'i zalla ya tsaya cak. Malaman kwalejojin ilimi da na fasaha ƙungiyoyinsu daban, COEASU da ASUP. Su ma suna yaji, ba na musu, amma ba dole ranakun su zo ɗaya ba, don haka rukunin da ya gauraya zai fi wuyar mutuwa lokaci guda.

Babbar cutar wasannin makarantu ita ce 'yan haya, a ɗauko ɗan kulob ɗin gari a yi masa katin ɗalibi. Nan ma kusanci magani ne. In aka kawo maka ɗan wasa daga Kalaba ba ka da yadda za ka gane, amma a ce wani mai gyaran babur na Azare ya fito a rigar wata makaranta, kafin a busa usur 'yan kallo sun kira sunansa da na unguwarsu. A haɗa da lambar JAMB ta kowane ɗan wasa, a liƙa jerin a allo mako guda kafin wasa, kowa ya gani.

Saura Gashuwa, wadda take da jami'ar tarayya da kuma kwalejin ilimi. Zuciyata tana son su, amma daga Dutse ko Misau zuwa can a dawo a yini ɗaya sai direba ya yi gudun da ba na so a yi da ƙannenmu. In rukunin ya yi shekara biyu yana tafiya, sai a raba shi gabas da yamma, Gashuwa ta shigo tare da Damaturu su haɗu da Potiskum, Gumel kuma ta shigo ɓangaren Haɗeja da Kafin Hausa.