KADA A YANKE WA TSOHUWAR KWAMFUTA HUKUNCI BA BINCIKE

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka bisa kwamfuta, makarantar da ba ta da ita ta zama kamar maƙeri ba zugazugi. To, makarantu irin na Kakau, cikin ƙasar Chikun, kudu da kogin Kaduna, ba kowace ke da ƙarfin sayen sabuwa ba, sai a lallaɓa da tsofaffi. In tsohuwa ta yi nauyi, a kan ce a ƙara mata ram. A sayo, a sa, a kunna, sai allo ya yi baƙi ƙirin, inji ya kama kuka. Nan take a ce ta mutu, a jefa ta sito. Mu dai wannan hukunci bai gamshe mu ba, gama sau da yawa laifin na mai saye ne.

Ram kamar teburin akawu ya ke. Fayiloli suna cikin kabad, watau rumbun kwamfuta, amma abin da a ke aiki da shi yanzu bisa tebur ya ke. In tebur ya yi faɗi aiki ya yi sauri. Sai dai ba kowane tebur ke shiga kowane ofis ba.

Da fari, ram iri-iri ne. DDR2 da DDR3 na kwamfutar tebur kowanne haƙora 240 gare shi, a ido kamar tagwaye, amma tsagar da ke gindinsu ba wuri ɗaya ta ke ba. DDR4 kuwa 288 gare shi. Wanda ya danna da ƙarfi don ya shiga, ya karya gurbin, ya yi hasara biyu. Na biyu, kowace kwamfuta da iyakar abin da ta ke ɗauka, a gurbi guda da kuma jimla, masu ƙira sun rubuta shi cikin littafinta. Na uku, Windows mai bit 32 ba ya aiki da fiye da giga 4, yawanci ma uku da 'yan kai ya kan nuna. Ko an sa mata takwas, sauran yana kwance a banza, ba kuwa mai kanti ne ya yi cuta ba. Na huɗu, ƙurar hunturu, wadda kan cika gurbi ta hana ram zama daidai.

Binciken ba ya bukatar Bature. A kashe wuta, a zare waya, a taɓa ƙarfen akwatin don wutar da jiki kan tara lokacin sanyi ta fita. A mai da tsohon ram shi kaɗai. In ta tashi, ashe da ranta. Sa'an nan a busa gurbi, a sa sabon shi kaɗai, a danna har maƙallan gefe biyu su kama. A gwada ɗaya ɗaya, gurbi gurbi, har mai laifi ya fito. In ta tashi amma tana yankewa tsakiyar aiki, akwai manhajar gwaji mai suna Memtest86, a bar ta ta kwana tana dubawa.

Ba mu ce kowace tsohuwa za ta warke ba. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a 2020, Windows 10 kuma ran 14 ga Oktoba 2025, sabo da haka ba a ajiye asirin ofis cikin irinsu ba da lura ba. Amma don koya wa yaro buga rubutu da amsa tambaya bisa allo, sun isa.

Roƙonmu ga akawuna da malamai shi ne su koma ga al'adar ma'ajin En'e, wanda ba ya fid da ko kwabo sai ya ga takarda. Kowace kwamfuta a ba ta shafi cikin littafin sito: sunanta, lambarta, irin ram ɗinta, yawan gurabenta, da iyakarta. Wanda aka aika daga Kakau zuwa kantunan cikin Kaduna ya tafi da tsohon ram a aljihu, ya kuma yi sharaɗi da mai kanti, in bai yi ba a musanya. Matambayi ba ya ɓata.

Kuɗin nan na jama'a ne. Kwamfutar da aka jefa sito ba bisa haƙƙi ba, kujerar yaro ce aka ɗauke, yaron da zai zauna gaban allo ran jarrabawa hannunsa na rawa. Hedimasta kada ya sa hannu a kan takardar mutuwarta sai an kawo masa shaidar gwaji. Allah ya sa a ji.