Masoya Kiɗan Jita Da Haƙƙin Wanda Aka Ɗauki Muryarsa

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, mai suna Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta fi sani da Mdou Moctar, ya zo birnin Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko na jita, waɗanda aka tara cikin kundi mai suna Anar. Babu wani kamfani da ya buga su a lokacin. Waƙoƙin sun bi hannu ne, daga wayar wannan zuwa ta wancan, har suka ratsa Sahara. A arewacin Mali wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga cikinsu a wayoyin jama'a, ya sa ta cikin wani faifai da ya fitar a 2011. Sai da ya sha wahalar cigiya kafin ya gano masu waƙoƙin, domin da yawansu suna yawo ba tare da cikakken sunan mai su ba. Daga baya Moctar ya zama makaɗin da ake gayyata Turai da Amurka.

Wannan labari yana da fuska biyu, kuma ya dace masoya kiɗa su dube su duka. Da an kulle waƙoƙin nan a akwati, da babu wanda zai san saurayin. Amma kuma shekara da shekaru mutane suna jin daɗin aikinsa alhali ko anini bai shiga aljihunsa daga wannan yawo ba, kuma ba wanda ya tambaye shi ko ya yarda. Shi dai Allah ya haɗa shi da mai neman mai abu don ya biya shi. Ba kowane makaɗi ke samun wannan sa'a ba.

A ɗauki misalin wani zaure a Ƙofar Rini, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, inda samari kamar goma suke taruwa bayan sallar isha'i, wannan da jita mai tsirkiya shida, wancan da garaya ko molo na kakansa. A cikinsu akwai ɗalibin jami'a, da ma'aikacin gwamnati, da ɗan wani malami wanda mahaifinsa bai san yana taɓa abin kiɗa ba. Sun yarda da juna, shi ya sa mai koyo ba ya jin kunyar kuskure, mai sabuwar waƙa kuma yana gwada ta tun ba ta nuna ba. Ran da ɗayansu ya ɗaga waya ya ɗauki hoto da murya ya tura wa abokinsa, to an gama. Magana zarar bunu ce. Kafin gari ya waye shugaban ma'aikacin nan ya gani, mahaifin yaron nan ya ji, waƙar da ba a kammala ba kuma wani ya ɗauka ya rera ta da sunansa. Daga wannan dare zauren zai soma mutuwa, domin kowa zai riƙa kaffa-kaffa da na kusa da shi.

Abin ya fi haka nauyi a ƙasar Hausa saboda matsayin da al'ada ta ba makaɗi. Sanin kowa ne cewa kiɗa sana'ar gado ce, kuma har yanzu akwai gidajen da za su hana aure ko su yi fushi da ɗa saboda an gan shi da abin kiɗa. Ko mutum ya yarda da wannan ra'ayi ko bai yarda ba, wanda zai ɗauki sakamakon shi ne ya kamata ya zaɓi ranar da zai bayyana kansa. Kazalika kiɗan mata na cikin gida, irin su kiɗan ƙwarya da shantu a lokacin biki ko suna, an yi shi ne don idon mata kawai. Matar da ta saki jiki ta taka rawa a tsakar gida ba ta yi don 'yan tasha su kalle ta a waya ba.

Har ila yau akwai wani haɗari wanda makaɗan da ba su san shi ba. Waƙar yabo takan ambaci sunan mutum, da garinsu, da kyautar da ya yi. A zamanin da Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ko Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, suke wasa masu arziki, wannan ambato ɗaukaka ce zalla. A yau kuwa, bayan abin da mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo suka gani na masu satar mutane don kuɗin fansa, hoton biki da ke nuna wanda ya yi liƙi da fuskarsa da ƙofar gidansa ba abin wasa ba ne. Mai yaɗa irin wannan hoto yana iya zama ɗan rahoto ba da saninsa ba.

To, sai wani ya ce ai maganin abin shi ne a hana ɗauka baki ɗaya, kowa ya rufe ƙofarsa. Wannan ma kuskure ne, kuma an riga an ɗanɗana kuɗarsa. Abin da ya rage na muryar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, da na Salihu Jankiɗi, makaɗin taushi na Sarkin Musulmi, ya rage ne domin wasu sun kafa na'ura sun ɗauka, gidajen rediyo kuma, musamman na Kaduna, suka ajiye suka riƙa sakawa. Da waɗannan faya-fayai ne masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka samu abin nazari. Makaɗan garaya da gurmi da goge nawa ne suka mutu da fasaharsu don babu wanda ya ɗauka? Kaset nawa ne ke ruɓewa a ƙarƙashin gado don magada sun hana, ko sun manta? Alhaji Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, amma yaron da ke son koyon kuntigi yana iya sauraron hannunsa har gobe, saboda an ɗauka kuma an bari a ji. Fasahar da aka ɓoye wa masu koyo ba ta wuce kabarin mai ita.

Saboda haka tambayar ita ce yadda za a buɗe ƙofa ba tare da an tone asirin mutanen gida ba. Magina na gargajiya sun daɗe da warware irin wannan matsala. Gidan Bahaushe yana da zaure, inda kowane baƙo zai yi sallama ya zauna. Yana da shigifa, wadda sai na kusa ke wucewa. Sa'an nan ga cikin gida, wanda sai muharrami. Haka ya kamata masoya kiɗa su kasa abin da suke ɗauka kashi uku. Kiɗan da aka yi a dandali ko a rediyo, da darasin yadda ake ɗaure tsirkiya da kama sauti, na kowa ne, a yaɗa shi, amma da sunan makaɗin a jikinsa. Gwaji da koyo na tsakanin 'yan ƙungiya ya tsaya a tsakaninsu, kada ya fita sai da yardar duk wanda muryarsa ko fuskarsa ta shiga. Kiɗan cikin gida kuwa kada a ɗauka sam sai masu gidan sun nema, kuma su ne za su riƙe shi.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin kansa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai wasa ikon amincewa ko hana a ɗauki wasansa a yaɗa. A watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta ɗora wa ma'aikatu da kamfanoni nauyin kula da bayanan mutane da suke riƙewa. Amma wane mai garaya ne zai kai maƙwabcinsa kotu a kan hoton minti biyu? Doka tana zuwa ne bayan an yi ɓarna. Abin da zai hana ɓarnar shi ne tarbiyyar neman izini, kamar yadda yaro ke koyon sallama tun kafin ya san dalilinta.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan hukuma. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da gidan Rediyon Rima, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo su haɗa kai su nemi tsofaffin kaset da faya-fayai daga hannun iyalai, su kwafe su a kwamfuta, su mayar wa masu su na asali. Kowane iyali a ba shi takarda cikin Hausa, da boko da ajami, ya zaɓi matakin da yake so: a sa a rediyo, ko a bar wa masu nazari kawai, ko a rufe zuwa wasu shekaru. Mutumin da ya san ana mutunta sharaɗinsa zai fito da abin da ya ɓoye. Wanda ya ga an tozarta na maƙwabcinsa kuwa zai ƙara wa akwatinsa kwaɗo.

Ɗalibai masu zuwa bincike su ma su sani cewa takardar shaida daga jami'a ba ta maye gurbin yardar makaɗi. A gaya masa abin da za a yi da muryarsa, a rubuta sunansa daidai, a kai masa kwafi idan an gama, in kuma kuɗi ya shigo a ba shi rabonsa. Su kuma samarin zaure, na Ƙofar Rini da na sauran unguwanni, su zauna su yi wa kansu ƙa'ida tun kafin a ɗaure tsirkiya: wa zai ɗauka, me za a ɗauka, ina za a kai shi. Wanda ya karya a ja masa kunne, in ya sake a sallame shi. Allah ya sa masu abin su ji, su gyara tun da sauran lokaci.