Ladabi a Taron Malamai

Tun da gwamnati ta koma Abuja a 1991, Nyanya ta cika maƙil. Ga Gbagyi masu ƙasa, ga Hausawa da Ibo da Yarabawa da Tibi. Makarantu sun yawaita, malamai kuma haka. Saboda haka taron ƙungiyar malamai, watau NUT, wadda aka kafa tun 1931, ya zama na baƙin juna.

To, 'yan'uwa ɗalibai, a nan ake gane mai ladabi. In ka shiga taro, gai da na gaba da kai. In wani yana magana, bari ya kai aya. In ya yi kuskure, ja shi gefe, kada ka kunyata shi gaban mutane. Manya su ma lalle su bar sabon malami ya faɗi tasa.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. A'a. A 2025 malaman firamare na Abuja sun yi yajin aiki fiye da wata uku kan albashi. Wanda ka wulakanta a taro, yaya zai tsaya bayanka a irin wannan rana?

Allah ya sa mu gane.