Laifi tudu ne: martani ga masu yabon sadaukarwar Marguerite

A ƙarshen zangon karatu na biyu, ƙungiyarmu ta malamai da masu sha'awar wasan kwaikwayo ta zauna a nan Ɗan Barto domin zaɓen wasan da ɗalibai za su nuna wa iyaye kafin babban hutu. Wata malamar Faransanci ta kawo shawarar a mayar da La Dame aux camélias na Alexandre Dumas ƙarami zuwa Hausa. Kafin ta rufe baki zaure ya rabu biyu. Wasu suka ce a'uzu billahi, wasan karuwa ne, kuma na Nasara, ba za a tara ƴaƴan Musulmi a gabansa ba. Wasu suka ce a nuna shi, don babu darasin da ya kai shi: ga mace ta ɓata, ta gane kuskurenta, ta sadaukar da farin cikinta domin mutuncin gidan wasu, ta mutu an yafe mata. Aka tashi ba a tsai da magana ba. Na rubuto wannan takarda ne in ce ban yarda da kowane ɓangare ba, kuma in za a auna, abokaina na ɓangare na biyu su ne suka fi ba ni tsoro.

Saboda waɗanda ba su karanta ba, ga yadda abin yake. Dumas ya fara fitar da labarin a littafi a 1848, sa'an nan ya mayar da shi wasa mai kashi biyar. Hukumar tace wasanni ta Faransa ta danne shi wajen shekara uku, sai ranar 2 ga Fabrairu 1852 aka fara nuna shi a gidan wasa na Vaudeville a Paris. A 1853 Verdi ya ɗora masa kiɗa da waƙa a Italiya da sunan La Traviata, daga nan ya zaga duniya. Marguerite Gautier karuwa ce ta manyan attajirai, tana fama da tarin fuka. Armand Duval, saurayi ɗan gidan mutunci, ya kamu da sonta, ita ma ta so shi, ta bar harkarta suka koma wani gida a Auteuil, a bayan gari. A ɓoye take sayar da dawakinta da keken dokinta da kayan adonta domin su rayu ba tare da kuɗin wani namiji ba. Ana haka sai mahaifin Armand ya zo mata lokacin da ɗansa ba ya nan. Ya ce yana da ƴa budurwa da aka sa wa rana, kuma dangin ango sun ce muddin Armand na tare da karuwa, an fasa. Ta ce za ta nisance shi har a gama biki. Ya ce bai isa ba, rabuwa yake nema ta har abada, kuma kada Armand ya san dalili. Ta amince, ta rubuta wa Armand wasiƙar sallama, ta koma hannun wani mai kuɗi, Varville. A kashi na huɗu Armand ya same ta a wani taron dare, ya kira jama'a, ya watsa mata kuɗi a gabansu, wai ya biya bashinsa. A kashi na biyar tana kwance, masu bin bashi sun sa hannu a kan kayanta, uban ya rubuto wasiƙa yana bayyana gaskiya, Armand ya iso, ta cika a gabansa.

Bari in fara da masu cewa wannan ba labarinmu ba ne. Ina roƙonsu su fito bakin hanya bayan lisha, su dubi inda manyan motoci ke kwana suna jiran duwan, tsakaninmu da Kongolam. Duk garin da ke kan iyaka ya san matan da ake zagi da rana, a nemi ɗakinsu da dare. Ba mu manta 2000 ba, shekarar da Zamfara ta fara aiki da shari'a a watan Janairu, Katsina ta biyo baya a watan Agusta, aka rufe gidajen mata da mashaya, mata da yawa suka ƙetaro zuwa garuruwan Nijar na bakin iyaka, har Firji da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ta yi suna. Matan sun ƙetaro da akwatunansu. Masu zuwa wurinsu kuwa sun riƙa ƙetarowa da motocinsu, su koma gida da asuba da mutuncinsu cikakke, ba wanda ya ƙidaya su. Wanda ya ce labarin Paris bai shafi ƙasar Kance ba, ya rufe ido ne da gangan. Kuma ɗaliban da ake cewa za a kare, kullum ta wannan hanyar suke bi su zo aji.

Yanzu ga abokaina masu yabon sadaukarwa. Kalmar tana da daɗin ji, amma malami aikinsa ya yi lissafi. Mu jera abin da kowa ya bayar da abin da ya samu. Tsoho Duval ya ba da tafiyar yini ɗaya da hawaye kaɗan, ya samu auren ƴarsa da dawowar ɗansa. Armand ya yi baƙin ciki na ƴan watanni, ya yi tafiya, ya dawo yana saurayi da gādon uwarsa da sunan gidansu. Marguerite ta ba da dukiyarta, da mutumin da take so, da hutun da jikinta ke bukata, da sunan kirki da ta fara ginawa, ta koma rayuwar da ta san za ta ƙarasa ta. Abin da ta samu shi ne sumba a goshi daga tsohon, da wasiƙar da ta iso a makare. In aka yi ciniki irin wannan a kasuwar Matameye, zalunci za a kira shi, ko da wanda aka cuta ya ce ya yarda. Yarda ta gaske sai ga wanda ke da ikon cewa a'a. Macen da aka gaya mata tun tana yarinya cewa ita ba kowa ba ce, da dattijo mai furfura ya tsaya a kanta da sunan Allah da sunan iyali, ina ta ga bakin ƙi?

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ɗaliba ƴar shekara goma sha biyar za ta ɗauka ta tafi da shi gida in muka koyar da wasan yadda abokaina ke so. Za ta ji cewa macen kirki ita ce wadda ta yi shiru, ta haɗiye, ta bar a zarge ta a kan abin da ba ta yi ba, kuma ladanta yana zuwa ranar da ake mata wanka. Wannan darasi ba ta bukatar Dumas ya koya mata shi. Tun tana goye take jin “yi haƙuri”, kuma ranar da za a kai ta ɗaki shi ne guzurin da gwaggo da inna za su ba ta. Haƙuri maganin zaman duniya ne, ban musa ba. Amma haƙurin da kullum mutum ɗaya ake nema wa, alhali ɗayan ba a taɓa tambayarsa ba, ya tashi daga magani ya zama takunkumi.

Shi kansa marubucin yana da nasa tudun. Marguerite ba ƙirƙira ba ce tsantsa. Sunanta na gaskiya Marie Duplessis, an haife ta a 1824 a yankin Normandi cikin talauci, kuma masu tarihinta sun ruwaito cewa mahaifinta ne ya fara miƙa ta ga wani tsoho tun ba ta kai shekara goma sha biyar ba. Dumas ya yi tarayya da ita daga 1844 zuwa 1845, ya rabu da ita da wasiƙa. Ta rasu ranar 3 ga Fabrairu 1847 tana da shekara 23, lokacin yana can yana yawon ƙasashe, aka yi gwanjon kayanta domin biyan bashi. A littafin 1848 Marguerite ta mutu Armand bai iso ba, kamar yadda ta faru. A wasan 1852 aka gyara: ya iso, an rungumi juna, an yafe. An gyara ne domin masu sayen tikiti su yi kuka mai daɗi su tafi gida da zuciya fara. Dumas ya samu suna da dukiya daga wannan mutuwa. Ba na cewa ba shi da tausayi. Shi ma iyayensa ba su yi aure ba, uwarsa mai ɗinki ce, kuma da uban ya amince da shi a 1831 sai aka raba shi da ita. Ya san zafin abin tun yana yaro, shi ya sa ya iya sa Marguerite ta fi kowa daraja a kan dandali. Amma bai iya barinta da rai ba, domin jama'arsa ba za su yafe wa karuwa mai numfashi ba.

Na san abin da za a mayar mini. Za a ce tsohon uba ne, yana da ƴa marar laifi, wane uba ne zai zuba ido aurenta ya lalace? Za a kuma ce karuwanci zunubi ne, kada a yi masa kwalliya. Duka biyun gaskiya ne, kuma ni ma uban ƴa mace ne. Sai dai ku lura da ƙofar da tsohon ya ƙwanƙwasa. Bai je wurin dangin ango ya ce musu ƴarsa ba ta ɗaukar laifin wanta ba. Ya gwada ɗansa, ɗan ya ƙi ji, sai ya nufi wadda ba ta da uba, ba ta da dangi, ba ta da mai tsaya mata. Inda ƙasa ta fi taushi nan ya haƙa. Game da zunubi kuwa, Suratun Nur ta ambaci mace da namiji tare, hukunci ɗaya. Armand ya kwana a ɗakin da Marguerite ta kwana, amma babu wanda ya ce sai ya mutu kafin a karɓi tubansa. Kuma malamanmu na zaure sun karantar da mu hadisin karuwar da Allah ya gafarta wa saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa. Ƙofar tuba a buɗe take ga mai rai. Mutane ne suka ƙara sharaɗin likkafani.

Wannan rabon laifi mun san shi a gida. A daminar 1992, da ruwa ya yi jinkiri, a Damagaram mata aka far wa, aka ce su suka hana sama zuba. A watan Nuwamba 2000, da aka yi zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da ake yi a Yamai, a Maraɗi gidajen mata marasa aure na cikin abin da aka kai wa hari. A 2002 wata kotu a Bakori ta jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa, namijin da ta ambata ya yi rantsuwa aka sallame shi, sai a Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta soke hukuncin. Ko a dandalinmu haka ne. A Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, attajiri ne ya auro karuwa da ƙafarsa da kuɗinsa, ya wulaƙanta matansa, amma in ka tambayi ɗalibai wa ya rusa gidan, baki ɗaya za su ce Kyallu. Ba kasafai muke tambayar daga ina Kyallu ta fito ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Duk wanda ya taɓa sauraron matan gidajen nan ya san da yawansu daga irin wannan aure suka gudo, gidan uba ya ƙi karɓarsu, tasha ta karɓe su.

Don haka shawarata ga ƙungiyarmu, da sauran ƙungiyoyin da ke karanta wannan mujalla, ita ce a nuna wasan, amma a nuna shi da ido buɗe. Muna da gādon da za mu dogara a kai. A zamanin samariya, lokacin Seyni Kountché, da wasannin Yazi Dogo da abokansa a Damagaram, dandali wuri ne da gari ke kallon kansa, a yi dariya, a fita ana gardama. Mu bi wannan hanya. A sa wa tsoho Duval babbar riga da carbi, ya yi magana a hankali cikin ladabi, kada a mai da shi mugu mai zare ido, domin iyayen da ke zaune su gane muryarsa. Kada a sassauta wurin watsa kuɗi, a bar samari su ga yadda kishi ke mai da masoyi azzalumi. Ƙanwar Armand, wadda aka yi duk wannan da sunanta, ko sau ɗaya Dumas bai fito da ita dandali ba. Bayan an rufe labule, a ba wata ɗaliba matsayinta, a gaya mata abin da aka biya domin aurenta, a tambaye ta a gaban jama'a ko da an shawarce ta za ta yarda. Sa'an nan a juya ga iyaye maza a tambaye su wa ya kashe Marguerite, kada a karɓi amsar “ciwo” ko “ƙaddara” sai an ji wata.

Malamar da ta kawo shawara ta ce ba ta sami namiji babba da zai yarda ya fito a matsayin tsohon ba, kowa na gudun a riƙa nuna shi a kasuwa. Na gaya mata ta rubuta sunana. Furfurar ta isa, kuma maganganun da zai yi, in na faɗi gaskiya, na taɓa jin irinsu suna fita daga bakina.